Ba Mu Gyara Ba

A ƙauyenmu na bakin kogi, kafin a kai Rusairis, namiji ba ya hawa sama haka kawai. Ko rufin ɗaki zai gyara, ko reshe zai sara, sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga murya: "Za a hau sama, mata a gyara!" Sannan ya jira a amsa masa daga gidajen kewaye, "Mun gyara." Haka muka taso muka tarar, ban taɓa zaton kiran nan zai yi mini rana ba.

Shekara arba'in ina ungozoma. Da gwiwoyina suka ce sun gaji, na koma zaman angarib, gadon igiyar nan namu, ina bin inuwa. Abin kallon da ya rage mini shi ne gawon bayan katangata, inda wasu mikiyoyi masu farin kai, masu cin kifi, suke sheƙa kowace shekara. Daga ƙasa ba na ganin komai sai tarin ƙirare. 'Yata mai aikin jinya a Sinnar ta gaji da mitata, ta kawo 'yar kyamara mai aiki da hasken rana. Mijinta ya yi kira, aka amsa, ya hau ya ɗaure ta a saman sheƙar, ita kuma ta haɗa mini da waya.

Ƙwai biyu ne. Ranar da na farko ya fashe na kasa ajiye wayar, ni da na karɓi haihuwar rabin garin nan ko gezau. Na biyun ma ya fito. Munana ne na gaske, kai ya fi jiki, gashin kamar audugar da ta sha ruwa. Babban cikinsu mugu ne, da uwar ta yago kifi sai ya sari ƙaramin a ƙeya ya ƙwace. Nakan zage shi ta cikin wayar, ya ci gaba da abinsa. Ƙaramin nan ya shiga raina, na ƙudurta sai na ga ranar da zai tashi.

Ana nan sai maƙwabcina na gabas ya yi sallama. Ni na yanke masa cibiya, ni na karɓi 'ya'yansa biyar.

"Haja, abin ga da kunka ɗaura bisa, ido na," in ji shi. "Ya hau bai sauko ba, kullum yana kallo ba kira. Iyalina suna cikin gida."

Na miƙa masa wayar. "Duba da kanka. Sheƙa da ruwan kogi, halas, shi ke nan."

Ko karɓa bai yi ba. "Abin da kika so nuna min ke nan. Wa ya san mi kike gani in kina ke ɗai?"

Maganar ta ƙona mini rai, har yau tana ƙona ni. Na ga matan garin nan a halin da mazansu ba su taɓa ganinsu ba, ko kalma ɗaya ba ta fita daga bakina ba. Yau ni ake tsoron in leƙa tukunyar miyar matarsa. Ya ce ya ba ni zuwa Juma'a, in ba a sauke ba zai hau da kansa. Na ce masa ba za a sauke ba, ya gaida gida.

Tunda kira ne babu, na ce bari in biya su. Washegari kafin in kunna waya na dogara sandata na je gindin katanga, na buɗe maƙogwaro: "Haja za ta hau sama, mata a gyara!" Dariya ta ɓarke gida gida. Kullum haka nake yi. Kafin kwana uku mata sun fara zuwa da jabana, 'yar butar gahawa, muna sha muna miƙa wa juna waya. Matar maƙwabcin nan nawa ce ta zo a ƙarshe. Ta riƙe wayar ta daɗe tana kallon ƙaramin yana shan sara, ta ajiye ta fita.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci ya zo da igiya, ya tsaya a gindin gawon ya yi kira. Shiru. Ya sake. Sai daga cikin gidansa muryar matarsa ta fito, a natse: "Ba mu gyara ba." Gidan yamma ya ɗauka, na kudu ya ɗauka. Ya tsaya da igiya a hannu, maza suna wucewa suna kallonsa, don ba wanda zai hau a kan wannan amsa ya sake ɗaga kai a garin nan. Ya dawo Asabar, ya dawo Lahadi, amsar ba ta canza ba. Ban taɓa ganin matan da mayafi ya ɓace musu sati shida ba sai bana. Ban sa su ba, ban kuma hana su ba, kuma ƙarya nake yi in na ce ban ji daɗi ba.

Tsuntsayen suka yi baƙin gashi, suka fara tsalle a bakin sheƙa. Babban ya tafi. Ƙaramin ya ƙara kwana tara yana buɗe fiffike yana fasawa, sai wata hantsi ya saki reshen ya nufi kogi, wayar ta koma nuna ƙirare. Na yi kuka, ban ɓoye wa kowa ba.

Da la'asar na aika a kira maƙwabcina. Ya yi kira, aka amsa masa tun bai rufe baki ba. Ya hau, ya daɗe yana duba inda kyamarar ta fuskanta, ya kwanto ta ya sauko.

"Haja, kogi kawai take kallo."

"Idonka ka yarda da shi," na ce. "Ni da na fara ganinka a duniya ce ba ka yarda da ni ba."

Ya sunkuyar da kai, ya miƙo mini ita da hannu biyu. Ban ce ya zauna ba.

"Baɗi in sun dawo, kai za ka hau ka mayar da ita."

Ya ce to.