Na Je Abuja 'Yata Ta Leƙa Cikin Kaina

Mun tashi daga Zariya ana idar da sallar asuba, ni da maiɗakina, don mu riski jirgin ƙasan safe a Kaduna. 'Yarmu ta fari ce ta kira ni. Ta daɗe a ƙasar waje tana karatun ƙwaƙwalwa, yanzu tana koyarwa a wata jami'a a Abuja, tana binciken yadda kan mai jin harsuna da yawa yake aiki. Dattawa take nema su shiga na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, amma duk wanda ya amsa sai ya zame, wai na'urar tana shanye tunani. Ta ce, "Baba, in ban samu dattawa ba, aikin nan ya tsaya." Bakina ya riga ni cewa ina tafe.

Damina ta yi kyau, gonaki shar har inda ido ya tsaya. Shayin cikin jirgi kuwa, da na ji kuɗinsa sai ƙishirwar ta tafi. Daga tasha muka hau tasi mai kore da fari, direban ya bi da mu ta Wuse, inda cunkoso ya riƙe mu har maiɗakina ta gama yi wa matan Abuja sharhin ɗaurin kallabi. Da azahar muka isa gidanta a Durumi, dogon bene ne, daga tagarsa kana hango rumfunan masu gasa masara da gidajen kwano.

Washegari Asabar, ranar da wani asibiti yake ara musu na'urar. A ɗakin jira na zauna kusa da wani tsohon direba, mutumin Filato mazaunin Jikwoyi. Da ƙyar yake haɗa magana. Ya ce, "Baba, kai ne uban Dokta? Yarinyan nan ya yi ƙoƙari." Matarsa da ke gefensa ta ƙarasa mini labarin. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, Hausa da Turanci suka ɓace masa, sai yaren mahaifiyarsa kaɗai ya rage, dangi suka ce asiri ne. 'Yata ce ta nuna musu wurin da ya taɓu a hoto, ta haɗa shi da mai koya masa magana. Sai na hau gyara hula.

Da layi ya zo kaina aka karɓe agogo da makullai, aka kwantar da ni, aka tura ni cikin wani rami fari matsattse. Ƙarar kamar injin niƙa a cikin kunne. Numfashina ya fara sama-sama. Sun ba ni wata 'yar roba in matsa idan na gaza, kuma wallahi saura kaɗan in matsa. Sai na ji muryarta ta abin da aka sa mini a kunne: "Baba, ina ganinka. Kada ka motsa kai." Ni da na koya mata baƙi da wasali, yau ni ake ce wa in natsu. Na natsu. Aka sa mini labari da Hausa, sannan da Turanci, sannan da Fulatanci, harshen da rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata. Hawaye ya gangaro mini har cikin kunne, ban motsa ba.

Bayan na fito ta nuna mini hoton, ɗalibanta sun kewaye ta suna "Ma, Ma". Ga wasu wurare a ɓangaren hagu sun yi ja da ruwan ɗorawa. Ta ce hoton mutum ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an tara da yawa. Maiɗakina ta leƙo ta ce, "To nuna mini inda Malam yake ajiye mantuwa." Har ɗaliban sai da suka dara.

Ran Lahadi muka dawo gida lafiya. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da harshe a aji, ban taɓa tambayar inda yake kwana a jikin mutum ba, sai da tafiyar nan ta nuna mini. Hoton yana nan na rataye a falo. Baƙi kan tambaya ko taswirar wace ƙasa ce. Nakan ce musu kaina ne, kuma 'yata ce ta ɗauka.