Alhaji Ɗanjuma a Ƙofar Kufai

Duk wanda ya san kakanmu Alhaji Ɗanjuma ya san ba ya shiga wuri sai ya yi sallama an amsa. Ko shagon kan layinmu a unguwar Ƙuba ta Madina, tsayawa yake a bakin ƙofa har mai shagon ya ɗago kai. Wata rana a asibiti ya yi wa na'urar hawa bene sallama, ta rufe ƙofarta ta yi sama. Ya ce, "Kun gani ko? Ba tarbiyya!" Ya bi matakala.

A ƙarshen rayuwarsa buri ɗaya ya rage masa. Bayan gonakin dabino, can cikin baƙaƙen duwatsu, akwai kufan wani tsohon ribaɗi, inda masu ibada na zamanin da suke keɓewa. Mahaifinsa ya gaya masa a cikin kufan nan shi mahaifin ya fara kwana ranar da ya iso Madina a ƙafa daga ƙasar Hausa. Alhaji yana so ya yi raka'a biyu a wurin tun gwiwoyinsa suna iya kai shi ƙasa, ga shi kullum ƙara ƙagewa suke yi.

Ɗansa, Kawu Bashir, ya ɗauke mu a mota. Ni Alhaji ya zaɓa in raka shi, wai don ni, uwargidansa ta wasa, ni kaɗai ce ba ni da surutu cikin jikokin. Muka tarar ba rufi, ba ƙyaure, sai guntun bango da bakin ƙofa. Alhaji ya gyara hula ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Ya yi ta uku, ya juya.

"Mu koma gida."

"Ya Baba, wallahi ma fi ahad! Ƙadangaru ne kawai a ciki!"

"To ƙadangarun sun amsa? Kuma ka yi mini Hausa, ba a kasuwa muke ba."

Haka muka koma, Kawu yana huci, Alhaji yana yabon hanya.

Kafin mu sake zuwa har ya fara yin wasu sallolin a kujera. Wannan karon Kawu ya matso kusa da ni ya ce, "Safiya, zagaya ta baya ki amsa masa, don Allah." Na haura ta inda bango ya zube, abayata tana sarƙewa a duwatsu. Da ya yi sallama na amsa can ƙasa-ƙasa.

"Gidan marasa lafiya ne? A ɗaga murya!"

Na ɗaga.

"Maigidan yana nan?"

Na ce, "Ya ɗan fita, Alhaji."

"Tun yaushe?"

"Gaskiya ya daɗe."

Na ji yana danne dariya. Sai muryarsa ta sauka ya ce, "To in ya dawo ki ce ɗan baƙonsa ne ya zo godiya."

Ya cire takalmi a kan dutse mai zafi, duk magiyar Kawu. Ya nemi alƙibla ya tayar da salla. Sujadar ƙarshe ta yi tsawo har muka fara kallon juna. Da ya idar ya kasa tashi. Ya zauna yana shafa bangon, ya ce, "Ba wanda ya san sunan mutanen da suka ɗora duwatsun nan. Amma sun bar wa ubana inda zai jingina bayansa."

Kawu ne ya goyo shi zuwa mota, idonsa jawur, Alhaji yana cewa, "A hankali, direba, kayan na da ne." Daga ranar goshinsa bai sake taɓa ƙasa ba, a kujera ya ƙarasa sallolinsa.

Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya jiƙan mahaifinsa, Ya jiƙan bayin nan naSa da suka ɗora duwatsu suka tafi ba suna. Allah Ya ba su masaukin da ba ya rushewa. Amin.