Uwar Fayil da Hutun Ƙarya

Matso da kujerarka kusa, ka sha labarin Uwar Fayil.

Shekara goma sha tara ta yi a ofishin ba da izinin gini, a teburin bayan ƙofa, wanda ake tokare ƙafarsa ɗaya da nannaɗen kwali. Tana kan kujerar nan ta haifi huɗu, ta aurar da biyu, kuma ba a taɓa cewa takarda ta wuce ƙa'ida a hannunta ba. Ƙa'idar kuwa kwana biyar ce, na aiki.

Sai aka kawo manhaja mai raba aiki da kanta. Da fayil ya shigo, ta tura wa ma'aikacin da zai duba shi, ta yanka masa wa'adi. In ya wuce, ta shafa wa sunansa ja, ta kai ƙara wurin Darakta. Illarta ɗaya: ba ta san Asabar ba, ba ta san Lahadi ba, balle ranar hutu.

Shugaban sashensu, wanda suke kira Gobe-da-Safe a bayan idonsa, ya gano haka tun makon farko. Shi kaɗai ke da ikon ƙara wa kansa kwanaki, ya rubuta "hutu" a gefe. Uwar Fayil kuwa, sai ana gobe dogon hutu yake jibgo mata fayiloli. Sau uku sunanta ya yi ja. Ya karanta takardar gargaɗinta a gaban kowa.

"Inna, tsufa ba laifi ba ne," in ji shi. "Saura ja ɗaya ki ajiye mana kujera."

"Allah ya ba mu haƙuri, ranka ya daɗe."

A baki haƙurin ya tsaya. Wata biyu ba ta fita cin abincin rana ba. Ta gano manhajar tana da wata kafa da ake rubuta mata umarni, abin da ake kira kod. Da yatsa biyu, tabarau a kan hanci, ta rubuta, ta ɓata, ta goge, har ta haɗa layi ashirin: ƙirga kwana, tsallake ƙarshen mako, duba jerin hutun hukuma, ranar da ke ciki ba a lissafa ta.

Ta kai wa Darakta. "Jeri ɗaya ga kowa, ranka ya daɗe. Kuma a gwada a kan tsofaffin fayiloli, kada a ce tsohuwa ta yi shirme."

Ya amince, ya ma damƙa mata riƙon jerin.

Aka danna. Janta uku suka goge sarai. Sunan Gobe-da-Safe kuwa ya yi ja sau ashirin da shida, domin hutun da ya riƙa rubuta wa kansa babu ko ɗaya a jerin. Darakta ya ce masa in ya ƙara ja ɗaya, ya kwashe kayansa.

Ranar Laraba Gobe-da-Safe ya zo teburinta yana share gumi.

"Yaya, akwai fayil a hannuna, yau wa'adinsa. Saka yau a jerin mana, minti goma kawai, sai ki cire."

"Hutun me zan rubuta, ranka ya daɗe?"

"Ko na mene ne!"

Ta gyara tabarau, ta duba jerin a tsanake daga sama har ƙasa.

"Ban ga hukuma ta ba da shi ba."

Ƙarfe huɗu sunansa ya yi ja. Ta jawo kwanonta, ta ci abinci har da neman ƙari.

Wasu a ofis suka ce ta cika riƙo, wasu suka ce rama cuta ga macuci ibada ne. Kai fa, da jerin a hannunka yake, za ka ara masa Larabar?