Luguden da Na Yi a Ranar Hafla

Ban taɓa mantawa da ranar haflar ƙarshen shekara ba, a shekarata ta biyu a wannan makarantar 'yan mata ta unguwar Rusaifa a Makka. Tun da na ji an fara yi muku maganar ta bana, ku da kuka zo kwanan nan, na ga gara ku ji labarin daga bakina kafin a ba ku shi a ɗakin malamai da ƙarin gishiri.

Bari in fara da tsarin, saboda waɗanda ba su san shi ba. Makarantar ta kuɗi ce. A sama akwai mai makaranta, wadda ba ma ganinta sai ranar taro. Ƙarƙashinta mudira, wato shugabar makaranta, sai wakila mataimakiyarta, sai mu malamai da yara ke kira Abla. Yawancinmu baƙi ne: Misirawa, 'yan Sudan, 'yan Pakistan, 'yar Indonesiya guda, sai ni daga Zariya ina koyar da Turanci. Kowace shekara bayan jarrabawa ana yin hafla, a gayyato iyaye mata, kuma dole kowace baƙuwar malama ta hau dandamali ta nuna wani abu na ƙasarta na 'yan mintoci. Ba a rubuta wannan a kwantiragi ba. Amma a rahoton da mudira ke yi kan kowace malama akwai sashen himma a harkokin makaranta, kuma da rahoton ake duba wadda za a sabunta wa kwantiragi.

A wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne. Makarantar ce kafilata, wato ita ta tsaya mini, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, a hannunta take. Ina zaune wurin yayana da matarsa, da yamma kuma ina karatun hadisi a wata cibiya, saura shekara guda in kammala. In ba a sabunta ba, sai gida, karatun ya tsaya a rabi.

Ni kuwa tun ina ƙarama ko a gidan biki bayan ƙofa nake zama. A aji ba na jin komai, don littafi na tsakanina da yara. Amma in aka ce in tsaya gaban manya suna kallona, sai in nemi wurin ɓuya. Shekarar farko na tsira da dabara: na karɓi aikin jan labule.

A farkon zango na ƙarshe mudira, Abla Samira, mutuniyar Sham, ta kira ni ofis.

Ta ce, "Abla Sa'adatu, darasinki ba shi da aibu. Amma bara kin ɓuya bayan labule. Na gan ki, mai makaranta ma ta tambaya. Bana sai kin fito."

Na ce zan iya karanta tarihin alhazanmu da suka riƙa zuwa Makka a ƙafa, har na fara rubutawa.

"Iyaye ba lacca suka zo ji ba. Ba ku da ganga a ƙasarku? Rawa fa?"

Na ce akwai, ni ce ban iya ba.

"To nemo abin da kika iya. In sashen nan ya sake zuwa fanko, ba ni da abin da zan kare ki da shi."

Mafitar ta zo ne ta inda ban zata ba. Matar yayana ta aike ni sayen yaji wurin Inna Hawwa, wata tsohuwa da ta zo ƙasar nan tana yarinya tare da iyayenta, ta hanyar Chadi da Sudan. Ta daɗe a unguwar Tandabawi kafin ta dawo Rusaifa, kuma sana'arta ke nan, daka yaji ta ƙulla a leda. Na same ta a saman soro bayan la'asar, ita da wata maƙwabciyarta, suna lugude. Wadda ba ta san lugude ba, daka ne na mutum biyu ko uku a turmi ɗaya: wannan na saukewa waccan na ɗagawa, a buga gefen turmi, a wurga taɓarya sama a tafa a cafe, har sautin ya zama kamar kiɗa. Na tsaya ina kallo, na ce a raina ga abin da ba ya bukatar in buɗe baki.

Matsalar ita ce ban iya daka ba. A gidajen malamai na tashi, komai inji ake kaiwa. Da na gaya wa Inna bukatata ta yi dariya har ta zauna.

"Bazazzagiya ta zo Makka koyon daka! Wallahi duniya ta juya. Yalla, ɗauki."

Na ɗauka.

"Ke 'yar nan, taɓarya kika riƙe ko alƙalami? Buɗe ƙafa. Ba da hannu ake yi ba, da ƙugu ake yi."

Makonni na yi ina zuwa. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta, har yara suka fara tambaya me ya sami Abla. Sau biyu taɓaryata ta gwabza da ta Inna, ta ce in na karya mata haƙorin da ya rage sai na saya mata na zinariya. A hankali jikina ya kama. Ranar da na fara wurgawa na tafa na cafe, ba ta yabe ni ba, cewa ta yi, "Halas, shi ke nan, yanzu kin yi aure."

Kun san halina, ba na barin abu ga sa'a. Na nemi izinin Inna ta hau dandamali tare da ni, aka ba ni, da sharaɗin ni ma in daka. Na auna ƙofar zauren don turmin ya wuce. Na sayi shimfiɗar roba mai kauri don kada tayil ya tsage. Na haddace bayanin da zan yi da Larabci, jimla uku. Mudira ta ce a bar turmin babu komai don kada a ɓata wuri. Da na kai wa Inna wannan magana ta ɗaure fuska.

"Ba a dakan turmi wayam. Kiran yunwa ne, kuma tsagewa yake yi. Ki gaya wa mudirarki in wasa take so ta sayo ganga."

Na koma na ce busassun kayan ƙamshi ne za mu daka, babu ruwa babu dusa, kuma in an gama za mu ƙulla wa iyaye su tafi da shi tsaraba. Abla Samira ta ji daɗin tsarabar, ta amince. Ban ce mata rabin haɗin barkono ba ne, don ban ga abin faɗa ba. Duk makonnin nan shi muke dakawa a saman soro, iska na kwashewa, ko tari ban taɓa yi ba.

Ranar Alhamis ce. Zauren kun san shi, babu taga ko ɗaya, sai manyan mukayyif masu hura sanyi, biyu daga cikinsu a bayan dandamali suna fuskantar jama'a. Da yake taron mata ne zalla, kowa ta cire abayarta ta rataye a ɗakin da ke bakin ƙofa, aka shigo cikin kwalliya. Mai makaranta na tsakiyar sahun gaba, mudira a gefenta. Misirawa suka yi wasan ban dariya, 'yan Sudan suka fito da lafaya da turaren wuta, 'yar Indonesiya ta yi rawa da faranti a tafin hannu. Sai aka kira ni.

Jimlolina uku na faɗe su ina kallon ƙasa. Inna ta juye haɗin a turmi, ta ce bismillah, muka fara. Gaskiya farkon ya yi kyau. Da sautin ya daidaita sai zauren ya yi tsit, daga baya aka fara tafi ana bin bugun. Na wurga taɓarya, na tafa, na cafe. Daga can baya wasu tsofaffi, kakannin yaran nan 'yan ƙasa masu sunan Hausawi, suka rangaɗa guɗa. A lokacin na manta ana kallona.

Mai makaranta ce ta fara atishawa. Ta ce alhamdulillah, na kusa da ita suka amsa mata. Kafin su rufe baki mudira ta yi tata. Daga nan abin ya bi sahu sahu zuwa baya, kamar ana raba shi. Mukayyif na ɗibar ƙurar barkono daga bakin turmi yana watsa wa jama'a, mu kuwa da iskar ke bayanmu ko a jikinmu. Ban taɓa jin an gode wa Allah da yawa haka a wuri ɗaya ba in ba a Harami ba. Kwalli ya fara zuba a kumatu.

Na ce, "Inna, mu tsaya!"

"Kar ki kuskura! Wadda ta tsaya a tsakiyar lugude a goshi take karɓa. Sai na ce."

Gaskiyarta ce, ba a tsayawa sai tare. Ta kai mu ƙarshen zagayen, ta buga gefen turmi sau biyu, muka sauke. Lokacin wakila ta riga ta buɗe ƙofofi. Amma ba a iya fita titi haka, kuma mata da yawa masu hawaye ba sa iya bambance abayoyinsu baƙaƙe a ɗaki ɗaya. A ƙarshe aka kora kowa farfajiyar ciki, can aka raba wa yara kyaututtuka a tsaye cikin zafi. Allah ya kiyaye, ba wadda ta ji ciwo. Inna tana kwashe yajinta ta ce mini, "Kin gani? Mai kyau ke nan. Na kanti ba ya sa atishawa."

Juma'a da Asabar ban iya cin abinci ba. Na samo kwalaye na fara jera littattafaina, na Zariya daban, na barin wa yayana daban.

Ranar Lahadi mudira ta kira ni. Muryarta a dushe take. Ta ce iyaye sun yi ta waya, wasu na faɗa wasu na dariya, kuma mai makaranta ta so a sallame ni.

"Na gaya mata ni na tilasta ki, ni kuma na amince da kayan ban ko shinshina ba. In za a sallami wata, da ni za a fara."

Ta tura mini kwantiragin ta ce in sa hannu.

"Ni ma baƙuwa ce, Sa'adatu. Shekarata ta farko a Jidda an sa ni rawar mutanen Sham, wadda ban taɓa yi a Sham ba. Na faɗi a gaban kowa, ba wadda ta ɗaga ni. Sharaɗi ɗaya mai makaranta ta sa: kada ki ƙara hawa dandamalinta."

Na ce na yarda da sharaɗin. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Na kammala karatuna a shekarar da ta biyo. Tun daga nan aikina a hafla shi ne tsara jerin masu fitowa, shi ya sa nake zagayawa wurinku da wuri. A wannan aikin na gane ba ni kaɗai ba ce. 'Yar Indonesiya a waya ta koyi rawar farantin nan, a kicin, bayan ta fasa huɗu. Ɗaya daga cikin Misirawan sai ta yi amai kafin ta fito ta ba mutane dariya. Duk malamai ne masu digiri, an ɗauke mu don darasi, amma rana guda a shekara ana so a ga ƙasar da aka ɗauko mu, kuma kowa tana ƙoƙarin kawo abin da ba lallai ta taɓa yi a gida ba. Har yanzu ban ga dalilin da zai sa zaman mutum ya rataya a kan haka ba, amma haka aikin yake, kuma abin da ke riƙe baƙuwa a cikinsa shi ne wata baƙuwar da ta riga ta faɗuwa.

Don haka in na zo tambayarku abin da za ku yi, kada ku ce mini babu. Ku faɗi ko mene ne, mu gyara shi tare. Sannan mu je mu gwada shi a cikin zauren, ƙofa a rufe, mukayyif a kunne.