Abin da Na Zuba wa Karena a Kunne

Wani Bafulatani daga wajen Gwashi ya ba ni shi yana ɗan kwikwiyo, a shekarun da soja ke shirin sauka daga mulki. Ja ne, mai dogayen ƙafafu, kunnuwansa a kwance kamar ganyen kabewa da ya sha rana. Gonata tana fadama, bayan garin Gummi, shinkafa a ƙasa, dawa da wake a tudu. Kafin zuwansa birai da gyado sun mayar da ni bawansu, ni in shuka su su girbe. Da ya girma, wallahi biri bai ƙara sauka gonar nan yadda ya ga dama ba. Na ga ranar da ya cafki wani ƙaton biri a maƙogwaro, suka yi ta birgima cikin laka, birin na yagar masa fuska, bai saki ba sai da ya ji ya daina motsi.

Gida kam ba ya zuwa. Surukina malami ne, dattijo mai karantar da manya a zaurensa, kuma katangarmu ɗaya da shi. Tun ranar farko ya aiko mai ɗakina ta faɗa mini kada ya ga kare a unguwar. Ni mutum ne mai zuciya, kowa ya sani. Na taɓa fasa wa wani baki don ya bi ta cikin shinkafata da jaki, Inna ma takan ce tun ina goye nake cizo. Amma gaban wannan dattijo ban taɓa ɗaga ido ba. Haka muka tashi: ka hango surukinka ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, abin da ya ce shi ke nan. Saboda haka karen a bukkar gona yake zaune. Da yamma yakan rako ni har gindin tsamiyar da ke bakin gari, ya tsaya yana kallona, sannan ya juya.

Ciwon ya fara masa a damina ta uku. Ruwa na sauka, ciyawa ta tashi, sai susa. Ya sosa da ƙafa, ya sosa da haƙori, ya goga bayansa a jikin turken bukka har jini ya fito. Gashin gindin wutsiyarsa ya zube, fatar ta yi baƙi ta yi kauri, tsakanin yatsunsa ya yi ja don lasa. Na duba kaska na cire, na duba ƙuma, susa ba ta tsaya ba. Rani na shigowa sai ya warke sarai, in ce an rabu. Damina na dawowa abin ya dawo, kuma a ta huɗu ya shiga kunnen hagu.

Kai, wannan kunne! Tun daga nesa za ka ji ɗoyinsa. Mugunya ce baƙa-baƙa take fitowa, ƙudaje na binsa duk inda ya sa ƙafa. Yana tafiya kansa a karkace, yana kaɗa shi, kunnen na bugun kumatunsa fat-fat-fat. Biri ya zo ya zauna kan dawata yana ci, kare na kwance yana kuka ƙasa-ƙasa, ko tashi bai yi ba. Raina ya ɓaci. Tsorona ɗaya, kada ciwon nan ya kashe mini shi.

Duk abin da aka faɗa mini na yi. Na dafa ganyen darbejiya na wanke shi. Na shafe shi da baƙin mai na injin ban ruwa, ya koma baƙi wuluk, ya kwana biyu yana amai don ya lashe. Wani maharbi abokin yayana ya zo ya ce ai laifin kunnen ne da yake a kwance, iska ba ta shiga, a yanke. Muka ɗaure masa baki da igiya, na danne shi da gwiwa, maharbin ya sa wuƙa a wuta har ta yi ja, ya kama kunnen ya zaftare rabi. Ƙaurin naman ya cika bukkar. Karen ya yi fitsari a ƙafata, jikinsa na rawa. Da muka kwance shi bai gudu ba, ya rarrafo ya kwanta kusa da ni. Bakin yankan ya bushe cikin mako, cikin kunnen kuwa yana nan yadda yake.

Sai mai ɗakina ta ce me zai hana in tambayi malamin dabbobin da ke zuwa kara, wajen cinikin shanu, ranar kasuwa yana yi wa shanu allura. Na je. Na same shi tsakiyar Fulani da dillalai, hannunsa cikin bakin wata saniya. Na yi sallama, na rage murya na faɗa masa. Shi kuwa bawan Allah bai san rage murya ba.

"Kare? Wane kunnen, dama ko hagu?"

Nan take wajen ya ɗauki dariya. Wani dillali ya ce, "Lallai duniya ta yi daɗi, yau kare aka kawo wa likita." Wani ya ce in saya masa gidan sauro.

Malamin bai yi dariya ba. Ya ce akwai karnukan da jikinsu ba ya shiri da ciyawar damina ko cizon ƙwari, kamar yadda wasu mutane ba su shiri da wani abinci, kuma susar ce ke jawo ciwon kunne. Ya ce in hana shi shiga ruwan fadama, in riƙa goge bakin kunnen da tsumma mai tsabta, in kawo shi kasuwa mai zuwa ya leƙa ciki ya ba da maganin ɗigawa. Sannan ya nuna ni da yatsa.

"Kada ka zuba masa komai a ciki. Ka ji ko? Komai. Na san halinku."

Wannan "na san halinku" ita ta tsaya mini a wuya. Na juya na tafi ko godiya ban yi ba, dillalan na haushi a bayana kamar karnuka. Na rantse a raina ba zan ja kare da igiya in ratsa kasuwar Gummi ana mini ihu ba.

Kwana uku bayan haka ina feshin wake da hantsi. Maganin feshin irin mai ƙarfin nan ne, wanda murfi ɗaya ake zubawa a jarkar ruwa, in ya taɓa maka fata ka ji tana zuga. A wajenmu da shi ake komai. Ana kashe kuɗin cizo da shi, ana shafa wa shanu don kaska, wasu har kifi suke kamawa da shi. Na kalli tsutsotsin wake na faɗowa matattu, na kalli kare yana buga kai a ƙasa, sai na ce a raina, abin da ke cin kunnen nan ai ba zai fi tsutsa taurin rai ba.

Na kira shi ya zo, yana kaɗa wutsiya. Na sa kansa tsakanin cinyoyina na matse. Na cika murfin kwalbar, ban sirka da ruwa ba, na ɗaga guntun kunnen na tuttula. Na ƙara na biyu. Ragowar na shafa masa a baya inda fatar ta tsage.

Ƙarar da ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin dabba ba. Ya fizge, ya wurgar da ni, ya faɗi yana murza kai cikin ƙasa, ya juya yana lasar bayansa inda na shafa. Na miƙa hannu in kama shi, ya dube ni, ya ja da baya. Sai ya zura da gudu ya bi hanyar gari.

Na jefa kwalbar a aljihu na bi shi. Ina gudu ina kira, ina ganin alamarsa a hanya, nan ya yi amai, can ya yi zawo. Da na kai tsamiya ba ya nan, ya wuce. Kafin in shiga unguwa na ji ihu.

"Mahaukacin kare! Mahaukacin kare!"

A shekarar an yi ta maganar wani mahaukacin kare da ya ciji mutane can wajen Bukkuyum, kowa a tsorace yake. Kuma duk wanda ya ga nawa a lokacin ba zai yi musu ba. Kumfa na zuba daga bakinsa har ƙirji, kai a karkace, ƙafafun baya na harɗewa, naman jikinsa na tsalle. Mata na jan yara cikin gida suna rufe ƙofa. Maza sun fito da gora da taɓarya da bulo. Bai ciji kowa ba, ko yunƙurin cizo bai yi ba, hanya kawai yake nema. Wani mahauci ya sheme shi da gora a ƙugu, na ji ƙashin ya ce ƙas. Ya faɗi, ya ja gindi ya shige lungun da ke tsakanin katangata da zauren surukina. Yadda aka yi ya san nan ne gidana, Allah kaɗai ya sani, bai taɓa zuwa ba.

Na faɗa cikinsu kamar mahaukaci. Na shaƙe mahaucin na buga shi da bango, wani ya sauke mini sanda a goshi, jini ya rufe mini ido ɗaya. Ina zagi, ina cewa duk wanda ya ƙara taɓa shi sai na ga bayansa. Sun fara ja da baya ma, don sun san ni. Da an ba ni numfashi biyu da na fiddo kwalbar na nuna musu.

Sai surukina ya fito daga zaure, da littafi a hannu, almajiransa manya na bayansa.

Hannuna ya saki wuyan mahaucin da kansa. Na tuɓe takalmi na durƙusa, jini na ɗiga a ƙasa.

"Wanga kare naka na?"

"Nawa ne, Malam."

"Mi ya same shi?"

Kwalbar tana cikin aljihuna, ina jin sanyinta a cinya. Maganar ba ta da tsawo: ba hauka ba ne, ni na zuba masa guba, a ba ni ruwa da sabulu. Daga baya na ji cewa in an wanke da wuri, aka samu allura, wasu na tashi. Amma in faɗa gaban uban matata cewa ni, magidanci mai 'ya'ya uku, na rungume kare tsakanin cinyoyina ina masa magani, na kawo najasa ƙofar zaurensa, na shaƙe Musulmi saboda shi? Ga ɗaya daga cikin dillalan nan na kara a tsaye cikin taron, wanda ya ji lokacin da aka ce kada in zuba komai. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

"Tun yaushe ya fara?" in ji surukina.

"Yau da safe, Malam."

Ya jinjina kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "To, kai ka san shi, kai za ya bari ka matsa. Kada a bar shi shina wahala, kuma kada a bari ya ciji wani. Ka gama da shi."

Wani ya miƙo mini gatari.

Lungun matsattse ne, sai da na shiga a kaikaice. Yana kwance a ƙarshe, ƙafafun baya a shimfiɗe ba su motsi, idonsa ya ƙanƙance, kumfa ta haɗu da ƙasa a bakinsa. Da ya ji ƙamshina sai ya ɗago. Ya jawo jiki da ƙafafun gaba, kaɗan-kaɗan, har ya ɗora haɓarsa kan yatsun ƙafata. Ni da na yi masa wannan aiki.

Saran farko na kuskure, na same shi a kafaɗa. Ya yi ƙara, ya dube ni. Na biyu ya sauka inda ya kamata. Na ƙara na uku don ban yarda da kaina ba. Jini ya fantsama a katangar ɗakin mai ɗakina, har kan rigata. Na jawo shi ta ƙafa na fito da shi, na kai shi bayan gari na haƙa rami mai zurfi don kada wata dabba ta ci ta mutu. A ramin na jefa kwalbar, ba wanda ya gani. Na zauna nan ina kuka kamar mace mai takaba, ina zagin kaina da duk zagin da na iya.

Da la'asar na wanke jiki na sauya riga na tafi masallaci, goshina ɗaure da tsumma. Ana sallamewa mutane suka yi ta zuwa suna ba ni hannu. Mahaucin da na shaƙe shi ya fara, ya ce ya yafe, ai kowa ya san zafin rabuwa da abin da ka raina. Liman ya sa mini albarka. Surukina, wanda bai taɓa yabona ba tun da na auri ɗiyarsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a gaban kowa na yi abin da ya dace, na tsare unguwa daga bala'i da hannuna, Allah ya saka mini.

Na durƙusa na ce, "Amin, Malam. Na gode."

Ya rasu shekaru bakwai bayan haka, ni na shiga kabarinsa na karɓe shi. Har ya koma ga Allah yana ba mutane labarin surukinsa da ya kashe mahaukacin kare, ni kuma ina zaune a gefe, ban taɓa gyara masa ba.