Ciɗo Mai Rijiya da Numfashin Ɗan Ciki

Ciɗo mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Tebaram, kuma haƙar rijiya ya gada. A arewacin Adar ruwa yana da nisa. Mutum yakan yi ta nutsawa har bakin rijiyar ya koma masa kamar faifai, iska ta yi nauyi, kai ya fara sarawa. Sau ɗaya abokan aikinsa suka taɓa jawo shi sama a sume. Tun daga ranar ba abin da yake girmamawa kamar numfashi.

Matarsa Mansura ta haifi ƴaƴa biyu, duka ba rai. Mutane suka yi ta'aziyya, shi ma ya ce haka Allah ya so. Amma a ransa ya yanke cewa iska ce ta ƙare musu a ciki, kamar yadda ta taɓa ƙare masa. Da ta samu ciki na uku, a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, sai ya hana ta ɗaure zane da ƙarfi. Ya fasa bangon ɗakinsu ya yi taga. Har fifita yake yi mata a kan ciki, ita kuwa tana dariya tana ture hannunsa.

Duk da haka Mansura ta yi ta ramewa. Tafin hannunta ya yi fari, in ta ɗauki tulu sai ta tsaya tana haki. Ranar da ta faɗi a bakin turmi, Ciɗo ya ɗora ta a motar kasuwa suka nufi gidan haihuwa na birnin Tawa.

Lokacin ma'aikata suna yawan yajin aiki, gidan haihuwar kusan ba kowa. Suka tarar da ungozomar likita guda, Madam Kadidiya, ƴar Damagaram da aiki ya kawo. Ta ja fatar idon Mansura ta duba, ta kafa wani ɗan ƙahon ƙarfe a cikinta ta saurara, sannan ta fito ta sami Ciɗo a baranda.

"Malam, yaron yana nan da ransa. Uwar ce ba ta da jini."

Ciɗo ya yi ta murza hularsa. Can ya ce, "Madam, ki yi mini haƙuri, in tambaye ki. Ɗan ga da ke ciki, ta ina yake shan iska? Ni na san wuri rufaffe."

Ba ta yi masa dariya ba. Ta zauna a benci ta ce, "Ba ya numfashi ko kaɗan. Cikin ruwa yake, huhunsa bai fara aiki ba tukuna. Uwarsa ke numfasa masa. In ta shaƙi iska, jininta ya ɗauki amfanin iskar, wanda muke kira oksijin, ya kai shi ga mabiyiya. Ka san mabiyiya?"

"Wadda ke fitowa bayan haihuwa."

"Ita. Tana manne da mahaifa. A nan jinin uwa da na ɗa suke kusantar juna, ba sa gaurayewa, amma iskar tana ratsawa. Igiyar cibiya ta kai masa. In jinin uwa ya yi ƙaranci, abin da ke isa gare shi ma sai ya ragu."

Ciɗo ya ce, "To, waɗancan biyun, shi ya kashe su?"

"Ban gan su ba, ba zan ce maka na sani ba. Wannan dai muna iya taimakonsa. Tana buƙatar ƙarin jini, kuma ba mu da shi a ajiye."

Masu haƙa suna tsoron ba da jini, suna cewa ƙarfin damtse ba ya dawowa. Ciɗo ma ya ji tsoron. Ya miƙa hannu duk da haka, aka gwada, aka ce nasa zai yi mata. Da aka rataya jakar jinin a gefen gadonta, ya leƙa ta taga yana kallon yadda yake ɗiga.

Bai koma ƙauye ba. Wani ɗan garinsu, Attahir, ya ba su rumfa a gidansa, Ciɗo ya shiga kasuwar dabbobi yana kora shanu zuwa mota. Ranar da ya samu, ya tsaya wajen mahauta ya sayo hanta. Ranar da bai samu ba, kwaɗon zogale. Shi ke tuna wa Mansura ƙwayoyin ƙarin jini, ko da ta ce suna tayar mata da zuciya.

Wata rana da hantsi Mansura ta haihu, mace. Daga waje Ciɗo ya ji shirun da ya riga ya sani sau biyu. Sai ga wani ɗan tari, sai kuka. Bayan an kimtsa, Madam Kadidiya ta ce masa kukan nan shi ne buɗewar huhun jaririyar, daga yanzu da kanta za ta nemi iska. Aka raɗa mata suna Jamila.

Sun koma Tebaram da damina. Bayan shekara biyu Mansura ta sake haihuwa a gida, namiji, bai zo da rai ba, ko da yake ta sha magani ta ci abin da aka ce. Ciɗo bai nemi dalili a wurin kowa ba. Ya yi masa sutura, ya zauna kusa da matarsa har ta daina kuka.

Ya ci gaba da haƙa har bayansa ya gaza, ya koma kiwon awaki. Maza ba sa shiga maganar ciki a ƙauyensu, amma shi in ya ji matar wani ta fara haki, yakan bi mijin har gona ya ce ya kai ta Tawa. Wasu sun ji, wasu sun ce tsufa ne ya sa shi surutu. Jamila ta girma doguwa mai ƙarar murya, in tana kiran awakinsa daga bayan gari har masallaci ana jin ta.