Wayar Matar Injiniya

Shekara ashirin Injiniya yana gyaran waya a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin tela da mai yankan makulli. Ko ƙofar jami'a bai sani ba, amma wa ya isa ya hana shi sunan? Ga faɗa, ga baki kamar reza, sai dai hannunsa da albarka.

Kukan da aka fi kawo masa shi ne hotuna sun ƙi hawa ma'ajiyar intanet. Yakan ce wayoyin yanzu rowar batir gare su, da ka rufe manhaja sai su shaƙe ta, aikin da take yi a ɓoye ya tsaya cak. Sai ya shiga saiti ya cire mata takunkumi, ya kori mutum da faɗa.

Da ciwo ya kwantar da matarsa a asibiti, soket ɗaya ne a ɗakin, majinyata takwas na rububinsa. Wayarta ba ta kai azahar take mutuwa.

"Baban Auta, ka gyara wa duniya, tawa ce ta gagare ka?"

Cikin minti biyu ya kashe duk abin da ke aiki a ɓoye, har da ajiyar da ke tura abubuwa ma'ajiyar intanet. Batir ya riƙa kaiwa magariba, tana ta sa masa albarka. Ya ce a ransa in an sallame su zai mayar.

Ba a sallame su ba. Ranar da ta rasu, wayar ta bi zanin gado cikin injin wankin asibiti. Kwana uku yana kanta a shago, ta ƙi tashi.

Rana ta huɗu Auta, 'yarsu mai shekara goma sha tara, ta zo shagon.

"Baba, Mama ta ce kullum tana naɗa mini magana a wayarta, in saurara bayan ranta. Ta ce ko wayar ta lalace, kai za ka sauko mini da ita."

Ya buɗe ma'ajiyar a kwamfuta. Abu na ƙarshe da ya hau hoton takardar magani ne, na ranar da ya kashe ajiyar.

"Bai fito ba, Baba?"

"Sabis ne ba ƙarfi," ya ce, bai ɗago kai ba.

"To, ba komai, zan jira."

Ta jawo kujerar kwastoma kusa da shi, ta zaro abin sauraro daga jaka, ta fara warware igiyarsa.